Na nemi ƴan sanda su nuna mini ƙa'idar da suke sa mana ido da ita

A Nijar akwai dokar da ta bai wa ɗan ƙasa damar ya rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya ce a nuna masa takardun da take riƙe da su. Doka ce mai lamba 2011-22, ta ranar 23 ga Fabrairu 2011, wadda gwamnatin riƙon ƙwarya ta Janar Salu Jibo ta sa wa hannu dab da za ta miƙa mulki ga farar hula. Yawancin mutanen Damagaram ba su taɓa jin labarinta ba, har da wasu da ke zaune cikin buro suna karɓar takardun jama'a. Ni na yi aiki da ita a bazarar 2023. Abin da na nema shi ne abin da kowa ke raɗa a kansa a fada da bakin Kasuwar Dole amma ba mai faɗa da ƙarfi: da me ƴan sanda suke bin abin da muke rubutawa a Facebook da WhatsApp, wa ke ba su izini, kuma ina suke ajiye abin da suka tattara.

Mafarin abin ruwa ne. Duk wanda ya san garin nan ya san yadda Afrilu da Mayu suke. Famfo ya yi kwana da kwanaki babu ɗigo, ƴan garuwa su tsawwala kuɗin bido, mata su raba dare a layi. Muna da zauren WhatsApp na unguwa, ina cikin masu kula da shi domin ni malamin lakwal ne, an saba kirana rabon faɗa. Nan ake sanar da suna da rasuwa, nan ake cewa ruwa ya zo a layin kaza, a hanzarta. Wata rana wani yaro ɗan kabu-kabu ya saki saƙon murya cikin fushi, ya ambaci masu mulki da kalmomin da ba su dace ba, ya ce a fito a tare hanya. Ba a jima ba takardar kira ta same shi. Ya je, aka kunna masa muryarsa, aka ja masa kunne, ya sa hannu a wata takarda, aka sallame shi kafin magariba.

Shi dai ya koma kan babur ɗinsa, amma zauren bai sake komawa daidai ba. Mutane suka riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage ba su tura komai sai barka da Juma'a. Ko sanarwar zuwan ruwa aka daina, kowa na gudun a ce ya taɓa maganar ruwa. Zance biyu ke yawo a unguwa. Wasu suka ce akwai wata na'ura a Yamai da ke sauraren kowace salula a ƙasar nan, da ka ambaci wata kalma sai ta kama ka. Wasu suka ce babu wata na'ura, ɗan rahoto ne a cikinmu. Sai zargin ya sauka kan wani tela, bawan Allah da ba a san shi da komai ba sai yawan shiru, da kuma cewa yana yi wa wasu masu kaki ɗinki. Aka fara kwashe yadi daga shagonsa, ga babbar salla tana matsowa, lokacin da tela ke samun abin da zai riƙe gida da shi wata da watanni. Wannan ne ya tsaya mini a rai. An yanke wa mutum hukunci babu hujja, saboda ba wanda ya san yadda abin yake aiki, waɗanda suka sani kuma ba su ga dalilin faɗa mana ba.

Na tafi Birni wurin wani tsohon magatakardan kotu, abokin mahaifina tun suna samari. Na zayyana masa komai. Ya shiga ɗaki ya fito da wani kwali ɗaure da roba, ya zaro kwafin dokar, takardar har ta yi ja don daɗewa. Muka zauna a zaure muna binta aya bayan aya. Abin da ke ciki a fili yake. A rubuce ake neman takarda, kuma dole a ba ka shaidar an karɓa. Ma'aikata tana da kwana 15 ta ba da amsa, in kuwa ɗan jarida ne ko mai bincike, kwana 5. In za ta hana, sai ta rubuta dalili. In ta yi gum, doka tana ɗaukar shirun a matsayin hani, sai ka kai kukanka wurin Mai Shiga Tsakani na Jamhuriya, wanda aka ɗora wa kula da wannan haƙƙi. Akwai abubuwan da aka keɓe, kamar sirrin tsaron ƙasa, da binciken da ke gaban shari'a, da abin da ya shafi rayuwar wani ta ƙashin kansa. A saman dokar kuma akwai aya ta 31 ta kundin tsarin mulkin 2010, wadda ta ce kowa yana da haƙƙin a sanar da shi, da haƙƙin isa ga bayanan da ma'aikatun gwamnati ke riƙe da su. Baba magatakarda ya ce in shirya jin uzuri guda, domin ƴan jarida sun daɗe suna kukan ba a fitar da ƙa'idar zartarwa da za ta fayyace yadda ake aiki da dokar ba.

"Ɗana," in ji shi, "gwamnati ba ta amsa tambaya. Takarda take bayarwa ko ta hana. In ka rubuta ka ce kuna leƙenmu ne, za a ce maka babu takarda mai wannan suna. Ka nemi abin da ke kwance cikin durowa, ka kira shi da sunansa. Kuma kada ka baro wurin sai da hatimi a kwafinka."

Kafin in san abin da zan kira da sunansa, sai da na fahimci mene ne sa idon, domin mu a fada mun cuɗe komai wuri guda. Wani tsohon ɗalibina da ke Jami'ar André Salifou, mai jin Ingilishi, shi ya zauna da ni muka yi ta tona. Akwai manhajojin da ke tsince abin da mutane suka rubuta a fili, su tace shi da kalmomi, da wurin da aka rubuta shi, da wane ne abokin wane. Akwai jami'in da zai buɗe shafi da sunan ƙarya ya nemi abota, ko ya shiga zaure ya zauna shiru. Akwai kuma tare saƙo a hanya ta wajen kamfanin waya, ko buɗe salular da aka karɓe daga hannun mutum. Shi WhatsApp tun 2016 yake kulle saƙonni, daga mai aikawa sai masu karɓa ke iya buɗewa, ko kamfanin layi ba ya ganin abin da ke ciki. Ke nan muryar yaron nan, mafi kusa, daga cikin zauren ta fita. Amma wannan ba ya nufin akwai ɗan rahoto. Zaure ne mai ɗimbin jama'a, saƙo kuma da taɓa yatsa ɗaya ake tura shi gaba, wani ya tura wa yayansa a Maraɗi, yayan ya tura wa abokan aikinsa, har ya isa inda ya isa. Lamba kuwa kowa ya san da katin ɗan ƙasa ake yankar layi, gano mai ita ba aiki ba ne.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne yadda asirin irin waɗannan kaya ya tonu a Amurka. Ba satar takarda aka yi ba, nema aka yi ta hanyar doka irin tamu. A 2016 ƙungiyar kare ƴancin jama'a ta ACLU a jihar Kaliforniya ta aika buƙata ga hukumomin ƴan sanda da na masu gabatar da ƙara guda 63. Cikin abin da ta samo akwai wasiƙun wani kamfani mai suna Geofeedia, yana tallata manhajarsa da alfaharin an yi amfani da ita lokacin zanga-zangar Ferguson da ta Baltimore. Da maganar ta fito, Facebook da Instagram da Twitter suka toshe wa kamfanin hanyar ɗibar bayanansu. A 2018 reshen ƙungiyar na Massachusetts ya samo takardun ƴan sandan Boston, aka ga cikin kalmomin da aka sa manhajar ta riƙa kamawa har da "ummah" da "jihad". Wannan ya girgiza ni, domin duk Musulmin da ya ambaci al'umma cikin addu'a zai iya faɗawa cikin komar, ba tare da ya taɓa sani ba. A Los Angeles kuma sai da Cibiyar Brennan ta kai ƴan sanda kotu kafin a saki takardun, a 2021 aka ga ana umartar jami'ai su rubuta sunayen shafukan mutanen da suka tare a hanya ko da ba a kama su da laifi ba, aka kuma ga sun gwada kayan wani kamfani mai suna Voyager Labs. Wannan kamfanin ne Meta, mai Facebook, ta kai ƙara a Janairu 2023 bisa zargin buɗe shafukan ƙarya kimanin 38,000 don kwasar bayanan mutane. Ban ce ko ɗaya daga cikin waɗannan kaya ya shigo Nijar ba. Hanyar na ɗauka, na ga cewa ƴan sanda ma ana iya tambayarsu da takarda.

Na rubuta buƙatar da Faransanci, domin shi ne harshen aikin gwamnati a lokacin, shafi ɗaya da rabi. A sama na kawo aya ta 31 da lambar dokar 2011. Na nemi kwafin duk wani umarni ko sanarwar cikin gida da ta tsara yadda jami'ai za su riƙa duba shafukan sada zumunta, musamman ko an yarda su shiga zaure da sunan da ba nasu ba, da kuma wanda ke sa hannu kafin a yi. Na nemi takardun saye ko haya na duk manhajar da aka samo don wannan aiki, da kuɗinta. Nan Baba ya sa na ƙara "ko kyauta", domin kayan aikin jami'an tsaronmu da yawa ta hannun abokan hulɗa na waje suke shigowa. Daga 2012 har zuwa wancan lokaci tawagar Tarayyar Turai ta EUCAP Sahel ta riƙa horar da jami'ai tana ba da kayan aiki, kuma abin da ya zo kyauta ba lalle ba ne a gan shi a kasafin kuɗi. Na nemi takardar da ta ƙayyade tsawon lokacin da ake riƙe hoton allo ko saƙon muryar mutumin da aka sallama ba tare da tuhuma ba. Sai adadin mutanen da aka kira a shekara saboda abin da suka rubuta a intanet, adadi kawai, babu suna. A ƙarshe na rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba na neman sunan wanda ake bincika, ba na neman komai daga cikin shari'ar da ke gudana, kuma in wani ɓangare na takarda sirri ne, a shafe shi a ba ni sauran.

Mutanen gida ba su so ba. Yayana ya zo har gida da dare ya ce, "Kai da ke da albashi da ƴaƴa, me ya kai ka? Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho." Ba zan ce tsoronsa na banza ba ne. Kowa ya tuna 2020, lokacin da ƴar jarida Samira Sabou ta yi makonni a gidan kaso saboda abin da ta rubuta a Facebook kan binciken kuɗin ma'aikatar tsaro, kafin kotu ta sallame ta. Dokar laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019 aka kama ta da ita. Kowa ya tuna kwana goman da aka katse intanet na salula bayan zaɓen Fabrairu 2021, mu a nan abin ya fi yi mana nauyi domin ɗan takarar adawa Mahamane Ousmane ɗan garin ne. Na ce masa a 2022 an gyara dokar, an cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, kuma ni ba zagi na rubuta ba, doka na bi. Ya ce Allah ya sa su ma sun san da ita.

Da safe na buga kwafi biyu a wurin mai hotokopi, na tafi ofishin da na ga ya dace. Mai tsaron ƙofa ya ce, "Ƙara ka kawo ko cigiya?" Na ce takarda ce zuwa ga shugaba. Ya nuna mini ɗakin sakatariya. Wata mata ce a zaune bayan tebur, gabanta babban littafin shigar wasiƙu mai baƙin bango. Ta karanta layin farko, ta ɗaga kai ta dube ni, ta koma ta karanta har ƙarshe.

"Mushe, wa ya aiko ka?"

"Babu kowa, Madam. Ni kaina ne."

"Wace ƙungiya?"

"Ba ƙungiya. Ɗan ƙasa ne kawai."

Ta ce in aje, za a duba. Na ce ina roƙon deshaj, wato shaidar karɓa a kan kwafina, na miƙa mata shafin dokar da Baba ya ja wa layi da jan biro. Ta ce ita ba ta taɓa karɓar irin wannan ba, ba za ta sa hatimi a abin da zai jawo mata tambaya ba. Ban ɗaga murya ba, na ce zan jira ta tambayo. Ta shiga ciki da takardar. Na zauna a benci tare da wani dattijo da aka sace wa awaki da wata yarinya da ta zo shaidar ɓatan kati. Da ta fito ba ta ce mini komai ba, ta buɗe littafin, ta rubuta kwanan wata da lamba. Tawadar hatimin ta bushe, sai da ta ɗiga mata ruwa daga leda ta murza, sannan ta danna a kan kwafina da ƙarfi. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Mushe." Na ji a muryarta da gaske take.

Wa'adin da doka ta yanka ya cika, shiru. Na rubuta tunatarwa gajera, na sa lambar da aka ba ni, na ce bisa doka shirun hani ne, kuma ina da niyyar kai maganar gaba. Ita ma aka buga mata hatimi, wannan karon babu gardama. Bayan ita ne waya ta shigo, aka ce in zo ana son ganina.

Wani babban jami'i ne ya karɓe ni, mutum mai natsuwa, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Takardata tana gabansa, an ja layi a wurare da yawa. Ya ce, "Mushe, kana garin nan ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015?" Na ce ina nan, ranka ya daɗe. Wa zai manta ranar da fushin zanen ɓatancin Charlie Hebdo ya fashe bayan sallar Juma'a, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da majami'u, aka rasa rayuka? Ya ce a yau irin wannan wuta a salula take fara kamawa, kuma in ƴan sanda ba su duba ba, mu ɗin nan ne za mu ce suna ina. Na ce gaskiya ne, kuma har yanzu ina ganin gaskiya ne. Na sha ganin yadda saƙon ƙarya na satar yara ke tara jama'a kan baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ban zo in ce kada a duba ba, na zo in san ƙa'idar dubawar.

Sai ya ce, "Yawancin abin da ke zuwa teburin nan, mutane ne ke kawo shi da hannunsu. Abokin ciniki da aka ɓata, kishiya, ɗan wata jam'iyya. Su ne ke ɗauko hoton allo su ce ga abin da wane ya faɗa." Na ce to yallaɓai, in haka ne a rubuta mini, domin akwai mutumin da ake kashe wa kasuwa a unguwarmu saboda rashin wannan bayani. Ya ce abin da ya faɗa mini a ɗakin nan, a nan ya tsaya. Na tambaye shi ko akwai manhaja, ya ce ba zai ce akwai ba, ba zai ce babu ba. Na tambaye shi muryar yaron nan fa, tana nan ko an goge? Ya yi ɗan jim, ya ce wannan ba a hannunsa yake ba. Muka rabu cikin mutunci, ya rako ni har bakin ƙofa, ya yi alkawarin amsa a rubuce.

Amsar ta zo, rabin shafi. Maganar kayan aiki da takardun saye, an ce ta shafi tsaron jama'a, ba za a bayar ba. Maganar umarni da ƙa'ida, an ce daga Yamai suke fitowa, can zan nema. Maganar adadi da tsawon lokacin ajiya kuwa ko ambatonta ba a yi ba.

Akwai abin da na yarda da shi a cikin wannan hani, akwai wanda ban yarda ba. In ana bin sawun masu safarar makamai ta iyakar Najeriya, ba ni da haƙƙin sanin sunansu ko dabarar da ake bin su da ita, ban ma nema ba. Amma ƙa'ida ba dabara ba ce. Faɗin cewa ana goge saƙon wanda aka sallama bayan wata kaza ba ya taimakon ɓarawo ko ɗan ta'adda da komai. Faɗin cewa sai wane ya sa hannu kafin jami'i ya shiga zauren unguwa da sunan aro ba ya tona asirin kowane bincike. Misali yana gabanmu. Dokar tare saƙonnin waya da intanet, wadda majalisa ta amince da ita a ƙarshen Mayu 2020 bayan ƴan adawa sun ƙaurace wa zaman, a buga take kowa na iya karantawa. Ta ce shugaban ƙasa ne ke ba da izini, ta kafa kwamitin sa ido. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sun soke ta domin ba a sa alƙali a gaba ba, kuma ina tare da su, amma sun iya sukarta ne domin a fili take. A karatuna, waccan doka maganar tare saƙo a hanya take yi. Jami'in da ke zaune cikin zaure yana karatu, ko manhajar da ke tace shafukan Facebook, wani abu ne daban, kuma shi ne ya fi shafar talaka. Can ne ya kamata a ce ƙa'ida ta fi fitowa sarari.

Kuɗi ma haka. Dukiyar jama'a ce ake sayen kayan da ita. A Najeriya, inda dokarsu ta samun bayanai ita ma ta 2011 ce kuma wa'adinta kwana 7, an san a 2021 cewa an ware wa hukumar leƙen asirin ƙasar naira biliyan 4.87 don sa ido kan WhatsApp da kiran waya. Cikin ƙarin kasafin kuɗi aka ga layin, ƴan jarida suka ɗauko shi, aka yi ta muhawara. Ƴan kasuwarmu da ke zuwa Kano sun dawo da labarin. Ko mutum ya yarda da sayen ko bai yarda ba, ya dai san an yi.

Akwai wata ƙofa da ba tawa ba ce, ta yaron ce. Dokar kare bayanan mutum, wadda aka fara yi a 2017 aka sake ta a Disamba 2022, ta bai wa mutum damar sanin abin da aka ajiye a kansa, kuma akwai babbar hukumar da aka kafa don wannan a Yamai. Na same shi a tashar ƴan kabu-kabu na yi masa bayani, na ce zan rubuta masa takardar, nasa sa hannu kawai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Mushe, na gode, amma ka bar ni in nemi na tuwo. Sunana ya shiga littafinsu sau ɗaya, ba na son ya shiga na biyu." Ban matsa masa ba. Shi ya fi ni sanin abin da ya ji a ɗakin nan.

Amsar da aka ba ni, duk da ƙanƙantarta, na kai ta gaban mutanen unguwa bayan sallar isha'i, na karanta na fassara, na kuma yi musu bayanin yadda saƙo ke fita daga zaure ba tare da wani ya yi rahoto ba. Na ce duk wanda ya taɓa tura saƙon zauren nan ga wani na waje ya ɗaga hannu. Hannaye suka tashi da yawa, har da na waɗanda suka fi kowa zafi a kan telan. Limami ya yi nasiha a kan zato, wasu suka je suka ba shi haƙuri. Salla dai ta riga ta zo, abin da ya rasa a waccan kaka ya rasa shi.

Daga nan na haɗa kukana zuwa ga Mai Shiga Tsakani: kwafin buƙata mai hatimi, tunatarwa mai hatimi, amsar da aka ba ni, kwafin katina, da wasiƙar da na ware abin da na haƙura da shi da abin da nake nan a kansa. Na kuma rubuta sabuwar buƙata zuwa Yamai kamar yadda aka ce mini. Na sa duka a ambulan na ba motar safa, tafiyar kilomita kusan 900, wani ɗan'uwana ya karɓa ya kai da hannunsa. Takardun suna can aka wayi gari ranar 26 ga Yuli 2023. Sojoji suka yi juyin mulki, aka jingine kundin tsarin mulki, aya ta 31 da na jingina bayana da ita ta tafi tare da shi.

Nauyin tambayar kuwa ƙaruwa ya yi. A Yuni 2024 an sake gyara dokar laifukan intanet, aka maido da ɗauri: shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 a kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da ke iya dagula zaman lafiya, ko da abin da aka yaɗa gaskiya ne. Saƙon da a 2023 ya ƙare da jan kunne, a yau zai iya kai mutum gidan kaso. Don haka wanda ke da ikon duba saƙon, da tsawon lokacin da zai riƙe shi, ya zama maganar shekarun rayuwar mutum.

Na rage buƙatar ta koma abu biyu kacal, umarnin da ya tsara shigar jami'i zaure da sunan aro, da takardar da ta ƙayyade lokacin ajiya. Tunda Yarjejeniyar Sake Gina Ƙasa ta Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, na rubuta ta da Hausa da Faransanci gefe da gefe. Na ba wata ƴar jarida ta wani gidan rediyo mai zaman kansa kwafi, domin dokar 2011 ta yanka wa ƴan jarida wa'adi gajere fiye da namu, ta ce za ta fara shawara da shugaban gidansu. Tawa kuma da sunana da sa hannuna za ta shiga, kwafi biyu kamar ta farko.